NAZARI: Gambarar zamani da waƙar furuci, daga dandamali zuwa rumfar zaɓe

A cikin watanni huɗu na shekarar 2025, abubuwa biyu sun faru da masu fasahar harshe 'yan Najeriya, waɗanda idan aka jera su za su nuna inda waƙa ta kai a harkokin jama'a. A watan Afrilu, Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta umarci gidajen rediyo da talabijin da kada su sanya waƙar Eedris Abdulkareem mai suna Tell Your Papa, tana mai cewa ta saɓa wa ƙa'idojin watsa shirye-shirye. Waƙar koke ce a kan tsadar rayuwa da rashin tsaro, wadda mawaƙin ya tsara a matsayin saƙo zuwa ga shugaban ƙasa ta hannun ɗansa. A watan Yuli kuwa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa Maryam Bukar Hassan, 'yar asalin jihar Borno da aka fi sani da Alhanislam, a matsayin mai fafutukar zaman lafiya ta duniya. Abin da ya kai ta ga wannan matsayi shi ne baitocin da take tsarawa ta furta a gaban jama'a.

An rufe wa ɗaya ƙofa, an shimfiɗa wa ɗaya darduma, amma tushen matakan biyu guda ne: hukumomin duka sun yarda cewa kalmar da aka tsara aka furta a bainar jama'a tana da tasiri. Yanzu da ƙasar nan ke tunkarar babban zaɓen 2027, ya dace a tambaya: wane irin tasiri ne wannan, daga ina yake samun ƙarfi, kuma a ina yake tsayawa? Tarihin fiye da shekaru 50, daga Amurka zuwa Senegal zuwa Kano, yana nuni ga amsa ɗaya. Waƙa tana tara mutane, tana raɗa wa abin da ke damunsu suna, amma sauyi yana samuwa ne a inda taron ya ɗore bayan an kashe lasifika.

Fasahohin biyu 'yan uwan juna ne, sai dai kowace da hanyarta. Hip-hop, wanda kafafen labarai na Hausa suke kira gambarar zamani saboda kamarsa da salon 'yan gambara na jero zance cikin sauri, magana ce mai amsa-amo da ake ɗorawa a kan bugun kiɗa. Waƙar furuci kuwa baitoci ne da mai su yake tsarawa domin ya tsaya a gaban mutane ya faɗe su da bakinsa, galibi babu kiɗa babu 'yan amshi. Jarinsa murya ce da numfashi da haɗa ido da masu sauraro.

Taro ne ya riga adawa

Ranar 11 ga Agustan 1973 aka fi ɗauka a matsayin ranar haihuwar hip-hop. A ranar ce wani matashi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka sani da DJ Kool Herc, ya juya faya-fayai a wani ɗan biki da ƙanwarsa Cindy ta shirya a ɗakin taron gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke Bronx, a birnin New York. Burinta bai wuce ta tara kuɗin sayen kayan komawa makaranta ba.

Bronx ta wancan zamani unguwa ce da aka juya wa baya. Babbar hanyar mota da aka ratsa ta tsakiyarta ta tarwatsa dubban iyalai, masana'antu sun tashi, gidaje suna ƙonewa, har ana samun masu gidajen haya da ke sa a cinna musu wuta domin su karɓi kuɗin inshora. A 1975 birnin kansa ya kusa kasa biyan basussukansa. A cikin wannan hali, bukukuwan kan titi suka zama mahaɗar matasa baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico da na tsibiran Karebiyan, inda ake gwada bajinta da baki da rawa da zanen bango a maimakon wuƙa.

Sai bayan shekaru 9, a 1982, ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five ta fitar da The Message, waƙar da ta fito da talauci da ƙuncin unguwannin baƙar fata fili, ta kuma nuna cewa wannan kiɗa zai iya ɗaukar zance mai nauyi. Daga baya ƙungiyar Public Enemy ta mayar da shi makamin siyasa kai tsaye. A 2015 masu zanga-zangar adawa da kisan baƙar fata a hannun 'yan sanda sun riƙa rera wata waƙar Kendrick Lamar a kan tituna, a 2018 kuma ya zama mawaƙin gambara na farko da ya karɓi kyautar Pulitzer.

Ita ma waƙar furuci ta zamani a cikin taro ta tashi. Ƙungiyar The Last Poets ta fara ne a Harlem ranar 19 ga Mayun 1968, wajen taron tunawa da ranar haihuwar Malcolm X, makonni kaɗan bayan kisan Martin Luther King. A tsakiyar shekarun 1980, wani ma'aikacin gini a Chicago, Marc Smith, ya ƙirƙiro gasar furta waƙa inda alƙalai suke fitowa daga cikin 'yan kallo, abin da ya fitar da waƙa daga zauren jami'a ya kai ta hannun kowa. A Janairun 2021, Amanda Gorman mai shekaru 22 ta furta waƙarta a bikin rantsar da Shugaba Joe Biden.

Abin lura a wannan tarihi shi ne jerin yadda abubuwa suka zo. Sai da aka samu mahaɗa, aka san juna, aka saba da sauraron juna, sannan muryar adawa ta fito daga cikin taron.

Tsohuwar hanya a ƙasar Hausa

Mai karatun Hausa ba zai ji wannan labari baƙo ba. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara waƙoƙi da Fulfulde da Hausa da Larabci, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji suke haddace waƙoƙin su kai su ƙauyuka domin karantar da mata. Waƙa ce tare da ƙungiyar da za ta ɗauke ta. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun mayar da rubutacciyar waƙa hanyar wayar da kan talakawa a wuraren lacca, a lokacin da masu iya karatun boko ba su da yawa. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi amfani da waƙa wajen gargaɗin sarakuna da 'yan boko a kan makomar Arewa. A ɓangaren waƙar baka, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya waƙe karen mota da auren dole da tazarar da ke tsakanin mai akwai da mai babu. Zambo da habaici kuwa tun fil azal hanyoyi ne na faɗa wa mai ƙarfi abin da ba a iya faɗa masa gaba da gaba.

Abin da zamani ya sauya shi ne dogaro da ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa, makaɗin sana'a yana da masu sana'arsa, kuma kowannensu ya san iyakar bakinsa. Matashin yau yana iya naɗar waƙa a ƙaramin situdiyo a bayan shago, ko ma a wayar hannu, ya saka ta a YouTube ko TikTok kafin la'asar, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Wannan 'yanci shi ne ya sa hukumomi suke sa ido a kan fasahar, shi ne kuma ya sa matasa suke ganin tasu ce.

Darasin Senegal

A Afirka ta Yamma, babu inda aka ga ƙarfin gambarar zamani a siyasa kamar Senegal. A Janairun 2011, cikin fushin yawan ɗauke wutar lantarki da tsadar kayan masarufi, mawaƙa biyu na ƙungiyar Keur Gui daga garin Kaolack, wato Thiat da Kilifeu, tare da 'yan jarida Fadel Barro da Aliou Sané, suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre, ma'ana abin ya ishe mu. Wasu mawaƙan, irin su Fou Malade, suka shigo.

Ranar 23 ga Yunin 2011, Shugaba Abdoulaye Wade ya nemi majalisa ta gyara tsarin mulki ta yadda ɗan takara zai iya lashe zaɓen shugaban ƙasa a zagayen farko da kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u kawai. Dubban mutane suka yi cincirindo a ƙofar majalisar a Dakar, 'yan Y'en a Marre suna sahun gaba, kuma kafin ranar ta ƙare an janye ƙudirin. Wade ya dage ya tsaya takara karo na uku, amma ranar 25 ga Maris ɗin 2012 Macky Sall ya kayar da shi a zagaye na biyu da kimanin kashi 65 cikin 100.

Sau da yawa ana ba da wannan labari kamar waƙa ce ta kayar da shugaba. Gaskiyar ta fi haka faɗi. Jam'iyyun adawa sun haɗa kai a zagaye na biyu, ƙungiyoyin farar hula da dama sun yi aiki, kuma Senegal tana da tarihin sojojin da ba su taɓa kifar da gwamnati ba. Gudummawar mawaƙan ita ce aikin da suka yi tsakanin wasa da wasa. Sun kafa rassa a unguwanni da garuruwa. Sun bi gida gida da kasuwa kasuwa suna shawo kan matasa su yi rajistar zaɓe, da taken cewa katin zaɓe shi ne makamin ɗan ƙasa. Sun shiga motocin haya suna waƙa da Wolof, harshen da talaka yake ji. Sun kuma juya zargi ga jama'a kansu, suna kira da a daina zubar da shara a titi, a daina ba da cin hanci, a daina sayar da ƙuri'a. Bayan zaɓe ƙungiyar ta ci gaba da zama mai sa ido, ta kuma soki gwamnatin Macky Sall kamar yadda ta soki ta Wade.

Ƙasar da suka yi shuka a kanta ma an daɗe ana gyara ta. Tun 1989 ƙungiyar Positive Black Soul ta Didier Awadi take waƙar wayar da kai. A 2006 mawaƙi Matador ya kafa cibiyar Africulturban a Pikine, wajen birnin Dakar, inda ake koya wa matasa naɗar sauti da ɗaukar bidiyo da shirya wasanni. A 2013 Xuman da Keyti suka fara gabatar da labaran mako cikin salon gambara da Faransanci da Wolof. Duk wannan ya sa jama'a suka ɗauki mawaƙin gambara a matsayin mai faɗa a ji.

Inda waƙa take tsayawa

Burkina Faso ta bi sawun Senegal. A 2013 mawaƙin gambara Smockey da mawaƙin rege Sams'K Le Jah suka kafa Le Balai Citoyen, wato tsintsiyar 'yan ƙasa, alamar da kowane Bahaushe ya san ma'anarta: sili ɗaya ba ya shara. Ƙungiyar tana cikin waɗanda suka jagoranci boren da ya tilasta wa Blaise Compaoré sauka ranar 31 ga Oktoban 2014, bayan shekaru 27 a kan mulki. Mawaƙan sun biya farashi, domin a yunƙurin juyin mulkin Satumbar 2015 an kai wa situdiyon Smockey hari. A 2022 kuma ƙasar ta ga juyin mulkin soja har sau biyu cikin shekara guda.

A Tunisiya, wani matashi daga birnin Sfax, Hamada Ben Amor, wanda ake kira El Général, ya saka waƙa a Facebook a Nuwamban 2010 yana faɗa wa Shugaba Ben Ali halin da talakawa suke ciki. An kama shi a farkon Janairun 2011, kamun ya ƙara wa waƙar farin jini, kuma ranar 14 ga watan Ben Ali ya tsere zuwa Saudiyya. Fiye da shekaru 10 bayan haka, rashin aikin yi da ya fusata matasan Tunisiya bai gushe ba.

Waɗannan misalai suna nuna iyakar fasahar. Waƙa tana iya cire wa mutane tsoro, ta haɗa su a dandali, har ta taimaka wajen kawar da mai mulki. Samar da tsaro, da gina kotuna masu adalci, da samar da ayyukan yi, aiki ne na hukumomi da jam'iyyu da dokoki, kuma yana ɗaukar shekaru.

Najeriya: haramci da abin da yake haifarwa

Najeriya tana da dogon tarihin arangama tsakanin mawaƙi da hukuma. A Fabrairun 1977 sojoji sun ƙona gidan Fela Anikulapo Kuti da ke Legas. A zamanin gambara, Eedris Abdulkareem, wanda haifaffen Kano ne, ya fitar da Jaga Jaga a 2004, aka hana sanya ta a rediyo bayan Shugaba Olusegun Obasanjo ya nuna ɓacin ransa, amma ta sake tashi a zanga-zangar cire tallafin mai ta Janairun 2012. A 2018 Falz, wanda lauya ne, ya fitar da This Is Nigeria a kan cin hanci da cin zalin 'yan sanda da kashe-kashe, NBC ta ce ba ta dace da watsawa ba, miliyoyin mutane kuma suka kalle ta a YouTube.

A Kano, inda aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11 a 2009. A cikinsu akwai Girgiza Kai ta Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka sani da Ziriums, waƙar gambara da ta soki yadda ake kama masu fasaha, da kuma Hasbunallahu ta Aminu Ala, wanda aka tsare a shekarar. Waƙoƙin ba su ɓace ba. Sun riƙa yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da shagunan masu tura waƙa.

Haka abin ya kasance a 2025. Sanarwar NBC ta sa mutanen da ba su taɓa jin waƙar Eedris ba suka neme ta a intanet, Farfesa Wole Soyinka da ƙungiyar Amnesty International kuma suka soki matakin. Hukumar tana da hurumin kula da abin da gidajen rediyo da talabijin suke watsawa, kuma sashe na 45 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince a taƙaita wasu 'yancoci domin tsaro da zaman lafiya da tarbiyyar jama'a. Amma sashe na 39 ya tabbatar wa kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a aikace haramci a zamanin wayar hannu ya zama talla kyauta.

Akwai hasarar da ta fi wannan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma kashi 65 cikin 100 nasu suna Arewa. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. A irin wannan yanayi, waƙar koke rahoto ne da yake isa kunnen hukuma ba tare da ta kashe ko sisi ba. Kukan kurciya jawabi ne. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa, ta nuna yadda fushi yake kasancewa idan ya fito babu jagora babu tsari: an rasa rayuka, an fasa gine-gine, an sanya dokar hana fita, an kuma gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu a watan Nuwamba.

Tazara tsakanin dandamali da rumfar zaɓe

Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ita ce lokacin da mawaƙan Najeriya suka fi kusantar abin da takwarorinsu na Senegal suka yi. Falz da Runtown sun jagoranci tattaki a Legas ranar 8 ga watan, kuma ranar 11 aka sanar da rusa rundunar SARS. Bayan abin da ya faru a Lekki ranar 20 ga watan, taron ya watse, bai kuma bar rassa a unguwanni ba.

Alƙaluman zaɓe sun nuna sakamakon. A Yunin 2022 an shirya manyan wasannin mawaƙa a Legas da Abuja tare da Hukumar Zaɓe, INEC, inda aka ajiye na'urorin rajista a filin wasa. Hukumar ta ce a cikin sababbin masu rajista miliyan 9.5, fiye da kashi 76 cikin 100 matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34. A rajistar zaɓen 2023 mai ɗauke da mutum miliyan 93.4, matasa sun kai kusan kashi 40 cikin 100. Duk da haka, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce kimanin kashi 27 cikin 100 ba, adadi mafi ƙanƙanta tun 1999. Dalilan suna da yawa, ciki har da ƙarancin takardun kuɗi da na man fetur a lokacin, da rashin tsaro, da yanke ƙauna. Amma darasin a bayyane yake: wasan dare ɗaya yana iya kai matashi ga rajista, sai dai wanda zai raka shi karɓar kati, ya tuna masa ranar zaɓe, ya tsaya tare da shi har a ƙirga ƙuri'a, maƙwabci ne da ƙungiyar unguwa.

Zaurukan da ake ginawa

Irin waɗannan zauruka sun fara samuwa, ko da yake ba su cika yin amo ba. A Legas, Efe Paul Azino ya kafa bikin waƙa na ƙasa da ƙasa a 2015. Daga Abuja, Dike Chukwumerije ya zaga birane da wasansa na waƙar furuci a kan tarihin Najeriya tun daga 2016. A Minna, cibiyar Hill-Top da B. M. Dzukogi ya kafa ta daɗe tana renon marubuta 'yan makarantar sakandare. A Zariya, Salim Yunusa ya assasa Poetic Wednesdays, wadda ta haɗa matasa masu waƙa da Hausa da Turanci. Kaduna ta karɓi bikin littattafai da fasaha na KABAFEST daga 2017, sannan bikin littattafan Hausa na HIBAF a 2021.

A waɗannan wurare ana ganin abubuwa biyu da siyasa ta kasa samarwa. Na farko shi ne fitowar 'yan mata. Da yake waƙar furuci ba ta buƙatar kiɗa ko rawa, iyaye da yawa sun fi sakin jiki da ita, kuma ta wannan ƙofa ake jin batutuwan fyaɗe da shaye-shaye da ciwon damuwa da rayuwar sansanin 'yan gudun hijira daga bakin waɗanda abin ya shafa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ta kuma fi ratsa zuciya. Na biyu shi ne haɗuwar matasa daga ƙabilu da addinai daban-daban. Gambarar Hausa ta tara mawaƙa irin su ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi, da DJ AB daga Kaduna, da Morell daga Borno, a kan dandamali ɗaya da harshe ɗaya, kuma shirye-shiryen tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, sun kai su gidajen jama'a. Harshen ya tsallaka iyaka: a Yamai ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskia da Wass Wong sun yi gambara da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a unguwar Nima ta Accra kuma ƙungiyar VIP ta shigar da Hausa cikin kiɗan Ghana.

Haɗurran da ke cikin gida

Ba hukuma kaɗai ce barazana ga wannan fasaha ba. Haɗari na farko shi ne kuɗi. Duk lokacin zaɓe kasuwar waƙar siyasa tana buɗewa, ana sayen murya da mota da kujerar Makka da muƙami. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mawaƙin da ya yabi ɗan takara bana ya zage shi baɗi ya zubar da abin da ya sa ake sauraronsa. Na biyu shi ne abin da kasuwa take so. Kaso mai yawa na gambarar da ke tashe, a Amurka da nan gida, alfahari ne da dukiya da ƙwaya da wulaƙanta mata, wanda shi ne hujjar iyaye da malamai da suke ƙyamar salon baki ɗaya. Na uku shi ne ƙiyayya. A Agustan 2017 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin ɗan Adam sun yi gargaɗi a kan wata waƙa da aka yaɗa a intanet tana tunzura jama'a a kan wata ƙabila a Najeriya. Baiwar da take haɗa mutane ita ce dai take iya raba su, kuma a nan doka tana da aikin yi.

Kafin 2027

Abin da ya kamata hukumomi su yi shi ne su rarrabe tsakanin suka da tunzuri. Waƙar da ta kira a kashe wani ko a kori wata ƙabila laifi ce da kotu za ta hukunta. Waƙar da ta ce abinci ya yi tsada, ko hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, amsarta bayani ne da aiki. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da ɗakunan karatu da cibiyoyin matasa da suke zaune a kulle. Buɗe su ga masu gasar waƙa ya fi sayen barkonon tsohuwa araha. INEC da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, NOA, za su iya aiki da ƙungiyoyin waƙa na unguwanni a tsawon shekara, cikin harsunan gida, maimakon su jira manyan taurari a jajibirin rufe rajista.

Su kuma masu fasahar, nauyin da ke kansu shi ne su tabbatar da abin da suke faɗa kafin su ɗora shi a kan kiɗa, su bayyana wa masu sauraro idan an biya su ne, su kuma yarda cewa yawan masu kallo a TikTok ba ya nufin an samu ƙungiya. Dokar rage shekarun tsayawa takara da aka sanya wa hannu a 2018 ta ba ɗan shekara 25 damar neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai. Ƙofar tana buɗe, kuma matasan da suke cika zaurukan waƙa a Zariya da Minna da Jos da Legas suna cikin waɗanda dokar take nufi. Ko za a ga tasirinsu a 2027 ya danganta ne da yawan unguwannin da za su ci gaba da zama a cikinsu mako mako, daga yanzu har ranar da za a buɗe rumfunan zaɓe.